Wa Ya Ba Mai Cuku Gishiri?

Ranar da aka kwashi Tsoho mai cuku zuwa asibiti, baki a karkace, hannun dama yana lilo kamar ba nasa ba, motar ba ta kai bakin titi ba unguwarmu ta gama bincike har ta yanke hukunci. Surukarsa ce ta ba shi guba, matar autansa da ake kira Amarya. Ita ke dafa masa abinci, ita ke ba shi magani, ita ke riƙe da makullin ɗakinsa. Wai kuma an sha ganin wani namiji a bayan gidan yana miƙa abu ta taga. Mutanenmu ba sa buƙatar fiye da haka. Ka ba su “wai” guda ɗaya da safe, kafin yamma sun ɗora mata bene.

Ni ban je kallo ba. Na ƙare ƙuruciyata a gandun daji ina bin sawun maharban da ke satar shiga, kuma abin da na samo a can shi ne ciwon gwiwa da ƙin taron jama'a. Kai-ƙasa ake kirana, don nakan gaisa da ƙafar mutum kafin in dubi fuskarsa. Tun da na yi ritaya, sai an yi sata ko dabba ta ɓata ake tunawa da ni.

Washegari da safe babbar 'yar Tsoho ta yi sallama a ƙofata. Kowa Yaya Babba yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Idonta ya kumbura, amma muryarta na nan da ƙarfinta.

“Kawu, zuwa na yi ka nemo mini mutum.”

“Wane mutum?”

“Wanda ke kawo wa Amarya abin da ta zuba wa Baba. Sawunsa na nan a lungun bayan gida, na sa an tare wurin kada a tattake. Ka nuna mini shi kawai, in haɗa su biyun in miƙa wa 'yan sanda kafin rana ta faɗi.”

“'Ya'yanta fa?”

“'Ya'yan ƙanena dai. Suna sashena, kuma can za su zauna.”

Na ce mata ni sawu nake bi, inda ya tsaya nan zan tsaya, ko ƙofar waye. Ta ce abin da take so ke nan. Na ɗauki sandata muka tafi.

*

Gidan Tsoho da masana'antar cukunsa a jere suke, siririn lungu ne ya raba su. Tsoho ne ya kafa ta da tukunya ɗaya, yana yin cukun nan mai tauri da ake kira ceda, wanda sai ya yi watanni a ɗakin sanyi kafin ya nuna. Da yara suka girma ya raba musu aiki. Yaya Babba ke da mai barkono, ana tsoma shi a jan kaki don ya daɗe. Ƙanenta Dogo ke da mai hayaƙi, kakinsa baƙi. Auta, mijin Amarya, ke da mai tafarnuwa, kakinsa kore. Kowa da ɗakinsa da makullinsa, kowa kuma yana ganin nasa ne ke riƙe da gidan. Abu ɗaya ne Tsoho bai raba ba, shi ne ɗanɗano. Tun da aka kafa wurin babu dunƙulen da ya fita kasuwa sai ya sa a baki ya ce ya yi. Bara ne likita ta ce hawan jini ya taɓa masa ƙoda, ta raba shi da gishiri, aka kwantar da shi a gida.

Na tarar da Amarya a bakin gadonta, mata biyu na maƙwabta sun zauna a ƙofa, wai taya ta zama suke yi. 'Ya'yanta biyu har sun shiga makaranta, amma a gidan nan Amarya take har yanzu. Na sallami matan, suka tafi suna waiwaye.

“Kawu, ka ga yarana?” Abin da ta fara tambaya ke nan.

“Ban gan su ba tukuna. An ce an samu farin gari a kwalba a kicin ɗinki.”

“Ƙwayoyin maganin Baba ne. Ba ya iya haɗiyewa, likita ta ce in riƙa dakawa. Ga turmin can, ga kwalin maganin, a kai duk inda ake so a auna.”

“Me kike ba shi?”

“Abin da aka rubuta mini. Ba gishiri, ba mai da yawa, ba cuku ko ɗan ƙanƙani. Ni ma abin da nake ci ke nan, don kada ya ga shi kaɗai aka ware. Ko ruwan shayi aka kawo masa daga waje sai na kurɓa kafin ya shiga. Ganduroba yake ce mini.” Ta yi ɗan murmushi, nan take ya ɓace. “Amma Kawu, ƙafarsa kumbura take yi. Ina rage wannan, ina rage wancan, tana ƙara hawa. In ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Na rasa inda nake kuskure.”

“Kin gaya wa mijinki?”

“Kullum. Sai ya ce tsufa ne.”

“Shi mutumin tagar fa?”

Ta ɗago ta dube ni sosai. “Tagar Baba ce, ba tawa ba. Ni ta ƙofa nake shiga.”

Na leƙa kicin ɗin kafin in fita. Ko ƙwayar gishiri babu a ciki, ta ce ta daɗe da kai wa maƙwabta wanda ya rage. Raina bai so abin da na gani ba, don mai son kashe mutum ba ya hana kansa daɗin baki tsawon shekara.

*

Lungun yana da danshi, don ruwan wanke tukwanen madara ta nan yake bi. Irin ƙasar da mai bin sawu ke addu'ar samu ke nan. Tagar Tsoho na da ɗan tsayi, da ƙarafa a tsaye, gadonsa kuma yana jikinta ta ciki. A gindinta an tattake ƙasa sosai, sabon sawu a kan tsoho, duk na dogon takalmin roba irin wanda ake sawa a masana'antar. Duk sun fuskanci bango, duk kuma sun yi ɗage, alamar mai miƙa hannu sama.

Dogo na tsaye a bayana yana hura hanci. Mutum ne mai faɗi da tsawo, warin hayaƙi ya kama rigarsa.

“Takalmin nan namu ne,” in ji shi. “Amma ba zai gaya maka komai ba. Baba ba ya son ɓata lokaci, lamba ɗaya yake sayowa kowa ya sa. Mai ƙaramar ƙafa ya cusa tsumma.”

“Su wa ke da shi?”

“Mu, da ma'aikata, da direban da ke kawo madara.” Ya ja kalmar ƙarshe yadda zan ji.

Na durƙusa na daɗe, gwiwata tana zagina. Takalmin ɗaya ne, gaskiya. Amma takalmi ba shi ke tafiya ba. Wani sawun ya nutse ta gefen waje, wani dugadugansa sun ja ƙasa kamar ƙafa tana yawo a ciki, wani kuma ko da yaushe yakan karkata, mai shi yana waiwayen bakin lungu. Na haɗiye wannan ban gaya wa Dogo ba.

Mai ɗinkin da shagonta ke kallon lungun ita ce tushen maganar. Ba sai na tambaye ta ba, tun daga nesa ta dakatar da keke.

“Ni na gan shi da idona, Kawu. Farar riga, farar hula, dogon takalmi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.”

“Kin ga fuskarsa?”

“Ai baya yake ba ni.”

“Dogo ne ko gajere?”

“Wata rana dai kamar dogo. Wata rana kuma... ka san daga zaune nake gani.”

“To ta yaya ya zama na Amarya?”

“Kai ma dai, Kawu! Mace kyakkyawa, miji kullum yana wurin aiki, namiji yana laɓe a bayan gida. Sai an faɗa? Kuma direban nan ɗan kawunta ne, tare suka tashi.”

Na bar ta tana ci gaba da ɗinka labarinta. Direban na same shi a bakin masana'anta yana wanke garewanin madara, ya riga ya ji sunansa na yawo. Ban tambaye shi komai ba, na ce ya ɗaga ƙafa. Tsakiyar takalmin hagu ta side sumul saboda taka kulocin mota. A lungun kuwa babu sawu ɗaya mai irin wannan sidewar.

“Koma bakin aikinka,” na ce masa.

“Kawu, don Allah, yarinyar nan ko kaza ba ta iya yankawa.”

“Na ji. Kada ka yi nisa, zan neme ka da yamma.”

*

Da rana na bi su asibiti. Likitar da ke duba Tsoho mace ce mai saurin magana, ta tara mu a baranda, ni da 'ya'yan uku.

“Babu guba,” in ji ta. “Mun duba abin da za mu iya dubawa, ba mu ga komai ba. Garin da kuka kawo maganinsa ne. Jininsa ne ya hau har jijiya ta fashe a kai, jikinsa kuma cike yake da ruwa. Mutumin da ke shan magani kuma ba ya cin gishiri, da wuya ya kai haka. Ni zargina, wani yana ba shi gishiri, kuma ya daɗe yana ba shi.”

“To ai ga shi nan!” Yaya Babba ta tafa hannu. “Wa ke girki? Ta ga guba za a gane, ta bi ta gishiri.”

Likitar ba ta kula ta ba. “Zan sake tambayarku abin da na tambaya jiya. Yana cin cuku?”

Yaya Babba ta ce a'a. Dogo ya ce ina zai gan shi. Auta ya girgiza kai yana duban takalminsa.

Da suka shiga wurin mahaifinsu na tsayar da likitar. Na ce mata ni jahili ne a wannan fanni, na ɗauka cuku abincin lafiya ne.

“Abincin lafiya ne mana,” in ji ta. “Shi ma da haka ya yi ta musu da ni, wai cuku ne ya raini 'ya'yansa. Kuma gaskiyarsa. Yana gina jiki, yana ƙarfafa ƙashi da haƙori, madara mai yawa ce aka matse ta zama ɗan dunƙule. Amma da kitsenta aka matse ta, kuma da gishiri ake tsare shi. Waɗannan masu barkono da hayaƙi da tafarnuwa kuwa, sau da yawa kayan ƙamshin ma da nasu gishirin suke zuwa, kuma daɗinsu ba ya barin mutum ya tsaya a kaɗan. Mai lafiya ya ci kamar kwalin ashana a rana, babu laifi. Shi kuwa ƙodarsa ba ta iya fitar da gishirin, sai ya taru ya riƙe ruwa. Na ce masa ko kwalin ashanar ban yarda ba.”

“In an ba shi ɗan yanki ɗaya a rana fa?”

“Zai cutar da shi a hankali. Amma abin da na gani a jikin nan ya fi ƙarfin ɗan yanki ɗaya.”

Na shiga na gan shi. Tsohon da muryarsa ke tsallaka katanga yana kwance, ido a buɗe, harshe ya ƙi. Ya gane ni, ya yi ƙoƙarin magana, sai miyau ya zubo. Tausayi ya kama ni har na kawar da kai. A nan ne idona ya sauka a hannunsa na hagu, mai sauran rai. Babban yatsa da manuni suna ta murza juna a kan bargo, kamar mai mulmula wani ɗan abu. Na kama hannun kamar zan gaishe shi. A ƙarƙashin farcensa akwai wani abu kore, mai santsi.

*

Na koma gidan na karɓi makullin ɗakin Tsoho na rufe kaina a ciki. Ɗakin fes yake. Amarya tana shara da goge-goge kamar mai jiran baƙi, ba ta bar mini komai a ƙasa ba. Na ɗaga katifa, na zazzage matashi, na buɗe rediyonsa, ban samu komai ba. Na zauna a ƙasa na jingina da bango ina hutar da gwiwa, ina tunanin rana ta fara karkata, ga mace can a ɗaki tana jiran motar 'yan sanda.

A zaune ɗin ne na ga kiyashi. Siririn layi ne, ya fito daga tsagar bango, ya bi gindin gado, ya hau ƙafar gadon ta wajen kai. Tun jiya ba a yi shara ba, sun samu sarari. Kiyashi ba ya hawa ƙarfe don motsa jiki. Gadon na ƙarfe ne, ƙafafunsa bututu, kowace da murfin roba a sama. Murfin wannan ƙafar ya yi laushi don yawan cirewa, kuma daidai yake da inda hannun mai kwance zai kai.

Na cire murfin, na kwantar da gadon a gefe da kyar, na bubbuga bututun a kan hankicina. Da na ga abin da ya zubo, sai na ƙulle hankicin na fita da shi.

*

Na ce a taru a ɗakin da ake naɗe kaya a masana'anta, inda akwai dogon tebur. Yaya Babba ta zauna a kujerar farko, Dogo a gefenta, Auta can ƙarshe. Aka kawo Amarya, ta ƙi zama. Mai ɗinki da direba suka tsaya a bakin ƙofa, sauran unguwa kuma a bayansu suna leƙe.

“Ka samo shi?” in ji Yaya Babba.

“Na samo. Amma ba mutum ɗaya ba ne. Uku ne.”

Mai ɗinki ta dafe ƙirji. “Uku! Amarya, uku?”

“Ke kuma ki yi mana shiru,” na ce mata. “Bakinki ya yi aikin da ya isa na mako guda.”

Na jawo farin faranti na kwance hankicin a ciki. Ƙananan mulmulallun kaki suka gangara, kowanne kamar ƙwayar wake, da ɓurɓushin cuku a jikinsu. Sun cika farantin har suna zuba a tebur. Ja, da baƙi, da kore.

“A cikin ƙafar gadon Tsoho na same su. In ya ci cukun sai ya mulmule kakin ya jefa a ciki, don ya san Ganduroba tana shara. Amarya ba ta da makullin ɗakin sanyi ko ɗaya. Direba ma ba shi da shi. Jan kaki daga ɗaki ɗaya yake fitowa, baƙi ɗaki ɗaya, kore ɗaki ɗaya.” Na dubi Yaya Babba. “Ƙafarki ƙarama ce, tana yawo a cikin takalmi, dugaduganki na jan ƙasa. Dogo, kai ta gefen waje kake taka ƙasa, tun kana yaro. Na ukun kuwa ba ya miƙa hannu sai ya waiwaya.”

Can Dogo ya sa hannu ya ɗauki baƙi ɗaya yana juya shi.

“Ɗanɗanawa kawai nake kai masa,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “Wata biyu da kwanciyarsa, masu shaguna suka fara dawo mini da kaya, wai ya yi ɗaci. Ni ban iya ganewa ba. Na sa a baki, duk ɗaya nake ji. Sai na kai masa ɗan kaɗan ta taga. Ya ce ba a gane cuku da ɗan kaɗan, in yanko da kauri, har da bayansa. Ya ce in riƙa kawowa kullum, kada in gaya wa kowa, don ni kaɗai ne na gaji harshensa, yana so ya ƙarasa koya mini.”

Yaya Babba ta juyo a hankali. “Me ya ce maka?”

“Ni kaɗai na gaji harshensa.”

“Ƙarya kake!” Ta buga tebur, kakin ya warwatse. “Ni ya gaya wa haka! Ya riƙe hannuna ta cikin ƙarfen taga, ya ce ku maza ba ku san komai ba sai hayaniya, ni ce...” Ta dubi jajayen da ke farantin, sun fi sauran yawa. “Yanki ɗaya ne a rana. Na ce yanki ɗaya ba zai yi masa komai ba. Ya rame, Kawu, ka gan shi. Na ce abin gina jiki ne, ai da shi ya raine mu.”

“Kowannenku yanki ɗaya ya ƙirga,” na ce. “Cikinsa kuwa uku yake karɓa, masu kauri, kowace rana.”

“To da likita ta tambaya, me ya hana ki faɗa?” in ji Dogo.

“Kai me ya hana ka?”

Nan suka tsaya suna kallon juna, manyan mutane masu furfura, kamar yaran da aka kama da hannu a tukunya. Haushinsu ya kama ni, tausayinsu ma ya kama ni. Tsohon nan ya san 'ya'yansa kamar tafin hannunsa. Ya san abin da kowannensu ke yunwar ji tun yana ƙarami, ya sayi cuku da shi. Ban ce mugu ba ne. Mutum ne da aka raba da abin da ya iya a duniya, aka bar shi da bango huɗu da abinci lami. Yaya Babba kuwa, na gane dalilin da ya sa ta zo ƙofata da sassafe. Tana buƙatar a samo wani, ko waye, kafin zuciyarta ta gama yi mata lissafi.

Ta tashi ta nufi Amarya, hawaye na zuba. “Ƙanwata, ki yafe...”

“A kawo mini yarana,” in ji Amarya.

Mai ɗinki ce ta ruga da gudu, ta samu hanyar ɓacewa. Mutanen bakin ƙofa ma suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi.

Amarya ta tako zuwa teburin. Ba ta dubi ja ba, ba ta dubi baƙi ba. Ta tsinci kore ɗaya ta ajiye a gaban mijinta. Duk wannan abin da ake yi Auta na zaune inda yake.

“Kai ma haka ya ce maka?”

Ya ɗaga kai alamar e.

“Kullum ina ce maka ƙafar Baba na kumbura, ina kuka, ina cewa ni ce ban iya ba. Kana cewa tsufa ne.”

“Ban san su ma suna kai masa ba. Wallahi na ɗauka nawa kaɗan ne, ba zai...”

“Wannan na yarda. Baba ya fi ku wayo, ku duka. Ba cukun ne ke damuna ba.” Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙin ji. “Jiya a tsakar gidan nan, a gaban yarana, aka ce akwai namijin da ke zuwa mini ta bayan gida. Yaya ba ta san kana zuwa ba. Yaya Dogo bai sani ba. Amma kai ka san aƙalla namiji ɗaya da ke tsayawa a tagar nan da farar riga. Mijina ne. Kalma ɗaya za ka faɗa. Ka tsaya kana kallo aka ɗebe mini yara, aka sa mata gadina, aka tafi nemo mai bin sawu.”

“Tsoro na ji. Na ce in na faɗa, za a ce ni na kashe Baba.”

“Sai ka bari a ce ni ce.”

Ya dube ni. Ban taimake shi ba.

Aka shigo da yaran, suka ruƙunƙume ta. Ta shafa kansu, ta duba ko sun ci abinci, sannan ta ce wa direban ya jira ta a waje. Ta shiga gida ta fito da kwanon abincin Tsoho a ɗaure, da jakar kayanta, da ta yaran. Ta ce asibiti za ta fara biyawa, don babu wanda ya san yadda ake ba shi abinci ba ya ƙwarewa sai ita. Inda za ta daga can kuwa ba ta faɗa ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin tambaya.

Sai a lokacin Auta ya yunƙura, yana lalubar makullin mota a aljihu.

“Bari in kai ku.”

Ta tsaya a bakin ƙofa, yaro a kowane hannu, ta waiwayo ta dube shi.

“Yi zamanka,” in ji ta. “Na ga ka iya.”